Maganin Kuturta: Me Ya Sa Iri Uku Ne, Kuma Me Ya Sa Sai An Kai Ƙarshe?

Ya ku iyaye da ke kawo yara awo a cibiyoyin lafiya na Kwaya, Magarya da Dungas, ku sani cewa kuturta tana warkewa. Ba gado ba ce, ba kuma cin kifi da nono ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873.

Gwada magani a kanta ya ba masana wuya, domin ba ta hayayyafa a kwalabar ɗakin bincike. Sai a 1960 aka gano cewa tana rayuwa a tafin ƙafar ɓera. Daga nan aka riƙa sa wa ɓeraye ita, a ba su magani, a ƙirga abin da ya rage bayan watanni. Irin wannan gwaji ne ya tabbatar da cewa ƙwayar ta fara bijire wa dafson, wanda aka daɗe ana ba da shi shi kaɗai. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa shi da rifamfisin da kulofazimin: wadda ta kuɓuce wa ɗaya, sauran su kashe ta. Tun 1995 kyauta ake ba da su.

Ana shan maganin wata 6 ko wata 12, gwargwadon yawan tabo. Wanda ya daina a tsakiya don ya ga sauƙi, ya ba cutar damar dawowa. Kada ku tsorata in fitsari ya yi ja ko fata ta ƙara duhu. Wannan yana wucewa. Amma dafson na iya rage jini, don haka mai shan sa yana bukatar wake, zogale, ƙwai ko hanta. In kun ga ƙuraje da zazzaɓi, ko idanu sun yi rawaya, ku garzaya gidan likita. Mai juna biyu da mai shayarwa su ci gaba da sha, a ci gaba da ba jariri nono.

Da zarar mutum ya fara magani, ba ya ƙara yaɗa cutar. Kada a ware masa kwano. In kun ga tabo mai haske a jikin yaro, wanda ba ya jin taɓawa a wurin, ku nuna wa ma'aikacin lafiya ranar awo, tun kafin jijiyoyi su lalace.