Sunan Cuta da Sunan Ƙwayar Cuta: Misalin Sanƙarau

Yawancin sunayen cututtuka a Hausa an samo su ne daga abin da ido ya gani ko jiki ya ji. Amai da gudawa suna ne na abin da ke fitowa daga majiyyaci. Tarin fuka yana nuni da tari da kuma gaɓar da ta kamu. Sanƙarau kuwa daga aikatau "sanƙare" aka samo shi, a kan irin tsarin da ya ba da "mantau" daga "manta", domin wuyan wanda ya kamu da shi yakan sanƙare har ya kasa sunkuyar da kai. Wannan hanya ta raɗa suna ba ta Hausawa ba ce kaɗai, da ita likitocin duniya suka yi aiki har tsakiyar ƙarni na 19. Sai dai suna irin wannan ba ya faɗin abin da ya haddasa ciwon, alhali kuwa magani da riga-kafi duk a kan musabbabi suke dogara. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gane ƙwayar bakteriyar da ta jawo wata cuta, tare da ɗaukar sanƙarau a matsayin misali.

Bakteriya halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda faɗin da yawa daga cikinsu bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Antoni van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ne ya fara ganinsu a shekarun 1670 da madubin da ya ƙera da hannunsa, amma sai bayan shekara ɗari biyu aka tabbatar da cewa wata ƙwaya takamaimiya ita ke jawo wata cuta takamaimiya. Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya kuma ware ta kwalara a binciken da ya yi a Masar da Indiya tsakanin 1883 da 1884. Sharuɗɗan da ake jingina wa sunansa sun ce kafin a ɗora wa ƙwaya laifin cuta, dole a same ta a jikin majiyyaci, a raine ta ita kaɗai a wajen jiki, a sa ta a jikin lafiyayyar dabba ta haifar da cutar, sa'an nan a sake samo ta daga can. Sharuɗɗan ba su hau kan kowace cuta ba. Ƙwayar kuturta, wadda Hansen ya gani a Norwe a 1873, har yau ba a iya rainonta a faranti ba, amma ba mai musun ita ce sanadin kuturta.

A likitance, sanƙarau shi ne kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Alamunsa su ne zazzaɓi mai zafi, da matsanancin ciwon kai, da sanƙarewar wuya, da amai, da ƙin haske, wani lokaci har da taune-taune da fita hayyaci. A jarirai madiga takan kumbura. To, abin lura a nan shi ne, duk waɗannan alamu ba ƙwaya ɗaya ke kawo su ba. Cikin bakteriya akwai manya guda uku: Neisseria meningitidis, wadda ita ce mai kawo annoba, da Streptococcus pneumoniae, wadda kuma ke jawo ciwon huhu, da Haemophilus influenzae, wadda ta fi kama yara ƙanana. Ƙwayar tarin fuka ma takan hau kai ta jawo sanƙarau mai tafiyar hawainiya. Akwai kuma wanda ƙwayoyin bairas ke kawowa, wanda maganin bakteriya ba ya yi masa kome, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, wanda sau da yawa ake ɗauka sanƙarau ne. Ko ƙwararren likita ba ya iya rarrabe su da ido.

Matakin farko shi ne ɗibar ruwan laka. Ana kwantar da majiyyaci a gefe, a lanƙwasa shi, a soka allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya ta wajen ƙugu, ƙasa da inda lakar kanta ta ƙare. Heinrich Quincke ne ya fito da wannan dabara a 1891. Iyaye da yawa suna tsoronta, suna zaton ita ke shanye wa yaro ƙafafu, alhali nakasar da ake gani bayan sanƙarau aikin cutar ne. Ruwan lakar mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. In ya fito gurɓatacce, fari-fari saboda mugunya, to, alama ce mai ƙarfi ta bakteriya.

Daga nan sai rini. A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, yana aiki a Berlin, ya wallafa hanyar rini wadda har gobe ita ce abin farko da ake koya wa ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Ana shafa ɗigon ruwan a kan ɗan gilashi, a busar, a zuba rini mai launin shunayya, a bi shi da aidin domin ya kama, sa'an nan a wanke da sifirit, a ƙarshe a zuba jan rini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san wani yadi yakan riƙe baba, wani kuwa ya zuba da wankin farko. Haka su ma bakteriya: masu kaurin bango sukan riƙe shunayyar, masu siririn bango sukan sake ta su ɗauki ja. In aka duba ta madubin likita, launi da siffa su ne shaida. Neisseria meningitidis takan fito ja, bibbiyu, kamar ƙwayar wake biyu suna fuskantar juna, sau da yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini da suka haɗiye ta. A haka Anton Weichselbaum ya same ta a Biyana a 1887. Streptococcus pneumoniae ita ma bibbiyu take, amma shunayya ce, mai tsini kamar kan mashi. Haemophilus kuwa ja ce, 'yan guntayen sanduna. Aikin duka bai kai rabin sa'a ba, kuma kayansa ba su da tsada, ga shi ya isa ya nuna wa likita inda zai dosa.

Rini yana nuna siffa ne kurum. Domin a tabbatar, sai a raini ƙwayar. Ana shafa ruwan a kan faranti mai ɗauke da daskararren abinci da aka haɗa da wani sinadari na ciyawar teku da kuma jinin dabba da aka ɗumama har ya yi launin ƙasa. A ajiye shi a zafi irin na jikin mutum, wato digiri 35 zuwa 37, cikin iskar da aka ƙara wa hayaƙin numfashi. A inda babu na'urar yin haka, akan sa farantin a cikin kwalba tare da kyandir mai ci, a rufe, in kyandir ya mutu iskar ta yi daidai. Kashegari sai a ga 'yan ɗige-ɗige sun tsiro, kowane ɗigo zuriyar ƙwaya guda ce. Sa'an nan a gwada abincin da take ci. Neisseria meningitidis tana da 'yar'uwa ta jini, Neisseria gonorrhoeae, mai kawo ciwon sanyi, kuma a madubi ba a bambance su. Amma ta sanƙarau tana cin sukari iri biyu, gulukos da maltos, ta ciwon sanyi kuwa gulukos kaɗai take ci. A kan farantin ne kuma ake ɗora 'yan takardu masu ɗauke da magunguna, a ga wanda ya hana ta tsiro a kewayensa.

Wahalar wannan mataki a ƙasashenmu ita ce ƙwayar ba ta da juriya. Sanyi yana kashe ta, saboda haka ba a sa ruwan laka a firij in ana son raino, bushewa da jinkiri ma suna kashe ta. In kuma majiyyaci ya riga ya sha maganin kemis kafin ya iso asibiti, kamar yadda aka saba, farantin yakan wayi gari fayau. Wannan ya sa aka nemi hanyoyin da ba su bukatar ƙwaya mai rai. A farkon shekarun 1970, Brian Greenwood da Hilton Whittle, suna aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna cikin waɗanda suka nuna ana iya gano ɓurɓushin rigar ƙwayar a cikin ruwan laka ta amfani da sinadaran kariya na jini. A yau kuma akwai gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayoyin gadon bakteriyar ya ninka su har su ganu, ko da ta mutu. Da shi cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai ke tantance samfuran da ake aiko mata daga jihohin Nijar.

Maganar riga ita ce ta fi muhimmanci ga ƙasar Hausa. Neisseria meningitidis tana sanye da kwanso na wani irin sukari, kuma da bambancin wannan kwanso aka kasa ta gida 12, aka ba kowane gida harafi. Shida daga ciki, wato A, B, C, W, X da Y, su ke jawo kusan dukkan cutar. Yawancin alluran riga-kafi kwanson suke koya wa jiki ya gane, saboda haka allurar gida ɗaya ba ta tsare mutum daga wani gida. Wajen mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ciwo ba, yana yaɗa ta ta numfashi da tari. In hunturu ya shigo da ƙura, bazara ta biyo da zafi, sai cutar ta tashi, in damina ta faɗi ta lafa. Likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ne ya zana iyakar wannan yanki a 1963, wanda a yanzu ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha, arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kuwa suna tsakiyarsa.

Tun daga annobar da aka rubuta labarinta a arewacin Nijeriya a 1905, gidan A ne ya fi yin ɓarna. A 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A Disamban 2010 aka fara ba da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi baya a 2011, kuma cikin 'yan shekaru gidan A ya kusa ɓacewa daga yankin. Amma a 2013 aka sake ganin sanƙarau a jihar Sakkwato, a 2015 ya yi annoba a Yamai da kewaye, tsakanin 2016 da 2017 kuma ya kama mutane fiye da 14,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina, fiye da 1,100 suka rasu. Ga magidancin da aka yi wa 'ya'yansa "allurar sanƙarau" shekaru kaɗan da suka wuce, abin da zai fahimta shi ne allurar ba ta aiki. Ba laifinsa ba ne, domin suna ɗaya aka ba shi na cuta da na allura. Ɗakin gwaji ne ya nuna cewa wannan karon gidan C ne, sabon iri, wanda allurar A ba ta da hurumi a kansa. Irin haka ta faru da gidan W bayan aikin Hajji na 2000 da kuma a Burkina Faso a 2002, da gidan X a Nijar a 2006. Shi ya sa Saudiyya ke neman shaidar allura mai gida huɗu daga mahajjata. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, wadda ta haɗa A, C, W, X da Y a allura guda.

Ta fuskar harshe, masu fassarar sanarwar lafiya sukan wadatu da kalmar "sanƙarau" su bar harafin, suna ganin ƙari ne na masana. Wannan ragi ba ƙaramar illa yake yi ba. Hausa ba ta rasa hanyar faɗin sanƙarau nau'in A ko nau'in C, kamar yadda manomi ke rarrabe kaura da farfara alhali duk dawa ce. Likita kuwa ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani, domin cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma in ba a yi magani ba har rabin waɗanda suka kamu na iya rasuwa. Yakan ɗebi ruwan laka, ya soma allurar seftiriyazon nan take. Sakamakon gwaji shi ke faɗa masa kwana nawa zai ci gaba da ita, ko ya kamata a ba mutanen gidan maganin kariya, shi ne kuma ke faɗa wa hukuma irin allurar da za ta aika wa gundumar.