Auna Daidaiton Injinan Sassaƙa Ƙarfe da Hasken Leza

Injinan sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda aka fi sani da CNC, suna nuna wa mai aiki lambar wurin da bakin yankan ya tsaya, sai dai lambar lissafin kwamfuta ce, ba lallai ta zo daidai da inda bakin yake a zahiri ba. Dogon sukurun da ke tura teburin injin yakan zo da ɗan kuskure tun daga masana'anta, ga shi yana cinyewa da aiki, har ya fara wasa duk lokacin da teburin ya juya baya.

Domin gano wannan saɓani ake amfani da ma'aunin leza, wanda tushensa na'urar da Albert Michelson ya ƙera a 1881. Ana raba tsirkiyar haske gida biyu, ɗaya ta doki madubin da ke kafe, ɗaya ta doki wanda aka ɗaure a jikin sashen da ke tafiya, kuma idan suka dawo suka haɗu sai hasken ya riƙa ƙaruwa yana dusashewa, na'urar tana ƙirgawa. Tsawon zangon jan hasken da aka fi amfani da shi nanomita 633 ne, kowane ƙirge ɗaya kuwa rabin wannan ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin dubu uku na milimita ba.

Ƙa'idar ISO 230-2 ta tanadi cewa a layin tafiyar da bai wuce mita 2 ba, a zaɓi aƙalla wurare biyar a kowace mita, a tura injin kowane wuri sau biyar daga gaba, sau biyar daga baya, a rubuta tazarar da ke tsakanin inda aka umarce shi da inda ya tsaya.

Inda aikin ya fi yaudarar masu yinsa shi ne zafi. An gina awon masana'antu a kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, alhali ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa da kusan maikiromita 12 a kowane ƙarin digiri, saboda haka a ɗakin da zafinsa ya kai digiri 30 miƙewar ta haura kashi ɗaya cikin goma na milimita. Shi kansa zangon hasken yana sauyawa da zafin iska da nauyinta da laimarta, shi ya sa ake manna na'urorin auna zafi a jikin injin, a ajiye wata tana auna iska, a kuma bar injin ya ɗumama kafin a fara.

Kuskuren da ke maimaita kansa ana shigar da shi jadawalin gyara a kwamfutar injin, ta riƙa ragewa ko ƙarawa. Injin da ke tsayawa wuri daban a kowace tafiya kuwa jadawali ba ya yi masa magani, sai an kwance shi an sauya sassan da suka cinye.