Furannin Kaka a Lambunan Ingila

Mutanen Ingila suna da son furanni ƙwarai. Gidaje da yawa, har na talakawa, suna da ɗan lambu a gaba ko a baya, inda ake shuka furanni don ƙawa da ƙanshi. Amma akwai wata wahala da kowane mai lambu yake gamuwa da ita a can. Yawancin furanni sukan buɗe ne tsakanin watan Afrilu da na Yuli. In Agusta ta yi nisa, sai lambun wanda bai yi tanadi ba ya koma kamar kasuwar da ta watse. Na maƙwabcinsa kuwa yana nan shar da ja da rawaya da shunayya har cikin Oktoba. Abin da ya raba su shi ne sanin irin abin da za a shuka.

Shekarar Ingila kashi huɗu ce. Zafi da sanyi ne suke raba ta, gama can ana ruwan sama a kowane wata. Daga Maris zuwa Mayu lokacin toho ne. Daga Yuni zuwa Agusta lokacin ɗumi ne. Daga Satumba zuwa Nuwamba kaka ce, sa'ad da ganyen itatuwa yake kaɗewa. Sa'an nan hunturu ya shigo da sanyi mai tsanani, har ruwa yakan daskare.

Ana iya kasa tsire-tsiren lambu kashi biyu manya. Na fari su ne 'yan shekara ɗaya. Kamar gero da wake suke: a shuka su, su yi fure, su yi iri, su mutu. Na biyu su ne masu daɗewa. Waɗannan kamar gamba suke, wadda takan bushe da rani, amma da ruwan fari ya sauka sai ta sake tohowa daga gindinta. Abin da rani yake yi wa gamba, shi ne hunturu yake yi wa furanni masu daɗewa. Kara da ganye su mutu, saiwa kuwa tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ta ajiye abinci, tana jiran ɗumi. Wanda ya dasa su sau ɗaya zai yi shekaru yana cin moriyarsu.

To, me ya sa waɗansu furanni suke jira sai kaka? A shekarar 1920 waɗansu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka bayyana asirin, bayan sun yi gwaji da taba da waken soya. Sun gano cewa tsire-tsire da yawa suna lura da tsawon yini. Daga baya aka gane cewa tsawon dare ne ainihin abin da suke aunawa. A birnin Landan, wajen 21 ga Yuni, yini yakan wuce awa 16. Wajen 21 ga Disamba kuwa ba ya cika awa 8. Saboda haka da dare ya fara tsawo, sai waɗansu tsire-tsire su daina yin ganye, su shiga yin fure.

Manomin ƙasar Hausa ya san wannan hali ga dawarsa. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kimanin awa ɗaya da rabi ne kaɗai, duk da haka dawar gargajiya tana jin sa. Wadda aka shuka da wuri da wadda aka makara, kusan tare suke fid da kai a ƙarshen damina.

Sarkin furannin da suke jiran dogon dare shi ne kirsantimam. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana nomansa. Ma'anar sunansa da harshen Girkawa furen zinariya. A Japan ana girmama shi ƙwarai, har surarsa ce hatimin Sarkin ƙasar. Masu nomansa don sayarwa sukan yi masa dabara. In suna so ya yi fure da wuri, sai su rufe shi da baƙin zane tun da la'asar. In suna so ya jinkirta, sai su kunna masa fitila da dare.

Na biyu shi ne asta, watau tauraro da harshen Girkawa, don furensa ƙanana ne masu kama da taurari, shuɗi ko shunayya ko fari. Yawancin irin da ake dasawa a Ingila daga Amurka ta Arewa aka kawo su. Yakan cika da fure wajen 29 ga Satumba, ranar da Kiristocin can suke bikin Mala'ika Mika'ilu, shi ya sa suke kiransa da sunan ranar. Daga can Amurka ta Arewa kuma aka samo rudbekiya, fure rawaya mai baƙin ido a tsakiya, wanda yakan ɗauko daga Agusta har Oktoba.

Akwai kuma animoni, mai dogon kara siriri da fure fari ko ja-ja. Wani Bature mai neman tsire-tsire, Robert Fortune, shi ya aika da shi Ingila daga ƙasar Sin a 1844. Amfaninsa shi ne yana jure inuwa, inda waɗansu ba sa yi.

Daliya kuwa 'yar ƙasar Meziko ce. A 1789 aka kai irinta birnin Madrid, daga nan ta bazu cikin Turai. Tana da 'ya'ya a ƙasa kamar dankali, amma ba ta jure daskarewa. Daren da aka fara sanyi mai daskarar da raɓa, kashegari sai a tarar ganyenta ya yi baƙi. Don haka masu lambu da yawa sukan tone 'ya'yan, su shanya, su adana a busasshen wuri har sanyi ya wuce.

Afirka ma ta ba da nata. Rumana, wadda take fitowa a dajin Arewacin Nijeriya da damina, tana cikin kakannin waɗansu dogayen furanni masu ganye kamar takobi, da Turawa suke dasawa don ƙarshen lokacin ɗumi.

Furen kaka tun lokacin toho ake yi masa aiki. A Maris ko Afrilu mai lambu yakan zuba taki. Bayan shekara uku ko huɗu, in gindin ya cunkushe, sai ya tone shi, ya rarraba, ya yar da tsohon tsakiyar, ya sake dasa na gefe masu ƙarfi. Ta haka gindi ɗaya yakan zama huɗu ko biyar, har ya ba maƙwabta. A ƙarshen Mayu waɗansu sukan datse sulusin karan, domin tsiron ya yi rassa da yawa, furen kuma ya jinkirta. Dogaye a kafa musu sanda don kada iska ta kwantar da su. Furen da ya yi yaushi kuma a tsinke shi kafin ya yi iri, gama in tsiro ya sami iri yakan rage yin fure.

Ba mai lambu kaɗai yake amfana ba. Ƙudan zuma suna bukatar su tara abincin da zai kai su ƙarshen hunturu, gama a lokacin nan fure ya yi wuya, sanyi kuma ya hana su fita. In sun rasa furen kaka, amya tana iya mutuwa da yunwa. Shi ya sa da hantsi a watan Satumba akan ga asta ya cika da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi.

Wanda ya ga lambu ya yi kyau a Oktoba, to, ya tuna da aikin da aka yi a Maris, sa'ad da babu abin gani sai ƙasa da taki. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tsiro ɗan shekara ɗaya da mai daɗewa?
2. Me Garner da Allard suka gano a 1920?
3. Don me ake tone 'ya'yan daliya kafin hunturu?
4. Wane amfani furen kaka yake yi wa ƙudan zuma?