Siyasar Ɗora Laifi Tsakanin Masu Sassaucin Ra'ayi da Masu Ra'ayin Riƙau a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda rarrabuwar kai tsakanin manyan jam'iyyun Amurka biyu ta mayar da ɗora wa abokin hamayya laifi babbar hajar siyasa. An bibiyi asalin rarrabuwar daga 1964, an dubi rawar harshe da kafafen yaɗa labarai, sannan aka kawo rikicin naɗin alƙalai a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa kowane ɓangare yana fara ƙirga tarihi ne daga laifin ɗaya ɓangaren, don haka da wuya a sami wanda zai amsa cewa shi ya fara.

1.0 Gabatarwa

Daga ranar 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019, wani sashe na gwamnatin tarayyar Amurka ya tsaya cik na kwana 35, saboda Shugaba Donald Trump da Majalisar Dokoki sun kasa daidaitawa kan dala biliyan 5.7 da ya nema don gina katanga a iyakar ƙasar da Meziko. Ma'aikata kusan 800,000 suka rasa albashi a tsawon lokacin. Kwana 11 kafin rufewar, Trump ya faɗa wa shugabannin jam'iyyar Demokrat a gaban 'yan jarida cewa shi zai ɗauki alhakin abin. Da lokacin ya gabato sai ya ce laifin nasu ne, su kuma suka ce nasa ne. Wannan musayar zargi ta zama al'ada, domin an ga irinta a rufewar 1995 zuwa 1996 mai kwana 21, da ta 2013 mai kwana 16. Abin nazari shi ne dalilin da ya sa ɗora laifi ya fi sasantawa riba ga 'yan siyasar ƙasar.

2.0 Matsalar Fassarar Sunayen Ɓangarorin

Kafafen yaɗa labarai na Hausa kan kira ɓangaren da ya rinjaya a Demokrat "masu sassaucin ra'ayi", ɓangaren da ya rinjaya a Rifablikan kuma "masu ra'ayin riƙau" ko "'yan mazan jiya". Fassarar ta dace da batutuwan zamantakewa kamar zubar da ciki da matsayin addini a makarantu. Sai dai a fagen tattalin arziki al'amarin yakan juya: masu ra'ayin riƙau ne ke neman a sassauta haraji da dokokin kasuwa, masu sassaucin ra'ayi kuma ke neman gwamnati ta ƙara sa hannu. Bugu da ƙari, a kunnen Bahaushe "sassauci" na ɗauke da yabo, "riƙau" kuma na iya nuna taurin kai. An yi amfani da sunayen a nan a matsayin laƙabi kawai.

3.0 Asalin Rarrabuwar

A tsakiyar ƙarni na 20 kowace jam'iyya gauraye take. Demokrat ta haɗa 'yan ƙwadago na arewa da farar fata masu ra'ayin riƙau na kudu, Rifablikan kuma tana da nata masu sassaucin ra'ayi a arewa maso gabas. Har ma a 1950 ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Amurka ta fitar da rahoto tana kira ga jam'iyyun su bambanta da juna sosai, domin mai zaɓe ya san wanda zai tuhuma.

Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wadda ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a da wuraren aiki, ita ce mahaɗar hanya. Ta wuce a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 73 da 27, kuma daga cikin masu adawa 21 'yan Demokrat ne, 6 kacal 'yan Rifablikan. Amma da yake Shugaba Lyndon Johnson na Demokrat ne ya sa mata hannu, ɗan takarar Rifablikan Barry Goldwater kuma ya ƙi ta, sai farar fatar kudu suka soma ƙaura zuwa Rifablikan sannu a hankali. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 kan zubar da ciki ya ƙara jan Kiristoci masu riƙo da addini zuwa can. A ƙarshe launin fata da addini da zaman birni ko karkara duk suka jeru a bayan jam'iyya. Sakamakon ya fito fili a majalisa: dokar inshorar lafiya ta Obama ta 2010 ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Rifablikan ko ɗaya ba, dokar rage haraji ta 2017 kuma ba ta sami ƙuri'ar ɗan Demokrat ko ɗaya ba.

4.0 Harshe da Kafafen Yaɗa Labarai

A 1987 hukumar sadarwa ta tarayya ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin kawo ra'ayoyi mabambanta a kan batutuwa masu taƙaddama. Bayan shekara ɗaya shirin Rush Limbaugh ya bazu a faɗin ƙasar, sannan a 1996 aka buɗe Fox News da MSNBC, waɗanda suka zama muryoyin ɓangarorin biyu. A 1990 ƙungiyar GOPAC, ƙarƙashin jagorancin Newt Gingrich, ta rarraba wa 'yan takarar Rifablikan jerin kalmomi: masu ma'anar 'yanci da iyali da jarunta don siffanta kansu, masu ma'anar cin amana da ruɓewa da rashawa don siffanta abokan hamayya. Ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba, domin a 2016 Hillary Clinton ta bayyana rabin magoya bayan Trump a matsayin mutanen da suka cancanci Allah wadai. A duka misalan biyu, suka ya tashi daga manufa ya koma kan halin mutum.

5.0 Rikicin Naɗin Alƙalai

Ɗan Rifablikan yakan fara labarin daga 1987, lokacin da Majalisar Dattawa mai rinjayen Demokrat ta ƙi amincewa da Robert Bork a Kotun Ƙoli da ƙuri'a 58 da 42. Zai ƙara da cewa Harry Reid ne a 2013 ya soke sharaɗin ƙuri'a 60 wajen tabbatar da alƙalan ƙananan kotunan tarayya. Ɗan Demokrat kuwa zai ce Reid ya yi haka ne saboda an yi ta toshe mutanen da Obama ya zaɓa, kuma a 2016 Mitch McConnell ya hana a saurari Merrick Garland da hujjar cewa shekarar zaɓe ce, amma a 2020 ya tabbatar da Amy Coney Barrett kwana 8 kafin zaɓe. Duk waɗannan abubuwa sun faru. Saɓanin yana kan wurin da kowa ya zaɓa ya fara ƙirga, domin wanda ya fara daga laifin abokin hamayya zai ga nasa aikin a matsayin ramuwa. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tsarin mulkin ƙasar ma yana taimaka wa wannan hali. Iko ya rabu tsakanin shugaba da majalisu biyu da kotuna da jihohi 50, saboda haka duk abin da ya lalace akwai hannu fiye da ɗaya a cikinsa, kuma kowa na da wanda zai nuna.

6.0 Tasiri a kan Jama'a

Binciken Iyengar da Sood da Lelkes na 2012 ya nuna cewa a 1960 kusan kashi 5 cikin 100 na Amurkawa ne ba za su ji daɗi ba idan ɗansu ya auri ɗan wata jam'iyya. A 2010 adadin ya kai kusan rabin 'yan Rifablikan da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Demokrat. Ahler da Sood kuma sun gano a 2018 cewa mutane na zaton kashi 38 na 'yan Rifablikan suna samun fiye da dala 250,000 a shekara, alhali adadin bai wuce kashi 2 ba. Mai zaɓen da ke tsoron ɗaya ɓangaren ba ya hukunta nasa wakilin idan ya gaza. Ya fi hukunta shi idan ya sasanta, musamman a zaɓen fitar da gwani.

7.0 Kammalawa

Masana ba su haɗu a kan cewa laifin ɓangarorin daidai yake ba. Thomas Mann da Norman Ornstein sun ɗora kaso mafi girma a kan Rifablikan a littafinsu na 2012, masu ra'ayin riƙau kuma suna nuni da karkatar jami'o'i da manyan jaridu zuwa ɗaya ɓangaren. Abin da ya tabbata shi ne jam'iyyu masu bambanci da masanan 1950 suka nema sun samu, amma tuhumar da suka yi fata ba ta samu ba, domin kowane ɓangare abokin hamayyarsa kaɗai yake tuhuma. Ga mai fassara labaran Amurka zuwa Hausa da mai nazarin harshen siyasa, wajibi ne a lura da shekarar da kowane mai zargi ya fara labarinsa, a kuma bincika abin da ya gabace ta.