Maigida, Ka Taɓa Fita Cin Abinci Da Iyalinka?

Kowace ranar Alhamis, tun kafin rana ta ɗaga, hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari takan cika da motoci da babura da amalanken shanu. Mutanen Gagarawa da na Sule Tankarkar suna tafe da buhunan riɗi da gero da wake. Daga arewa kuma, ta wajen ƙasar Nijar, ga Buzaye da raƙumansu, ga Fulani da shanu da tumaki. Kasuwar Maigatari tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. A can naira da sefa duka suna ci.

In rana ta take, sai ka zaga wajen rumfunan masu abinci. Ga tuwon dawa da miyar kuka, ga shinkafa da wake da mai da yaji, ga waina, ga ɗanwake. Matan Fulani suna dama fura da nono a gindin inuwa. Can gefe hayaƙin tukuba yana tashi, mahauta suna juya tsire da balangu. Amma mai karatu, duba da kyau. Su wane ne suke zaune a kan benci suna ci? Maza ne, kusan dukansu. Mata suna nan, amma su ne masu tuƙa tuwon da wanke kwanonin. Yara ma suna nan, amma talla suke yi.

Wa Ya Yi Kiwon Ragon?

Bari mu ba da misali da abin da kowa ya saba gani. Maigida ya kai rago kasuwa, ya sayar, ya sa kuɗi a aljihu. Ya biya wurin mai tsire ya ci tsinke biyar. Ya zauna a teburin mai shayi ya sha da madara, ya goge baki. Da yamma ya koma gida da gishiri da kanwa da daddawa. Daren nan uwargida da yara suka ci tuwo da miya lami.

To, ragon nan wa ya yi kiwonsa? Wa ya riƙa dama masa dusa safe da yamma? Wa ya yiwo masa ciyawa da harawa? Yawanci uwargida ce da 'ya'yanta. Su suka sha wahalar, amma daɗin ranar kasuwa ya tsaya a bakin mutum ɗaya.

Ba mu ce mugunta ce take sa haka ba. Al'ada ce muka tarar. Tun dā cin abinci a waje na matafiyi ne da gwauro. In aka ga magidanci a rumfar mai tuwo a garinsu, sai a ce ko sun ɓata da matarsa. A gida kuma maza suna ci a zaure ko ƙofar gida, mata a ciki, yara da kwanonsu dabam. Wannan tsari yana da kyaunsa, gama ta haka baƙo da maƙwabci suke samun rabo. Amma akwai abin da ya ɓace a ciki. Sai ka iske miji da mata sun shekara ashirin tare, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Uba bai san ɗansa ba ya ƙoshi ba, gama bai taɓa ganinsa yana ci ba.

Labari Daga Bakin Teku

Akwai wata al'umma can ƙasar Sin da labarinta zai ba mu abin tunani. Ga abin da ya tuna mana da ita. A shekarar 2000 aka keɓe wani fili a Maigatari ya zama yankin ciniki na bakin iyaka, inda ake sauƙaƙa wa 'yan kasuwa haraji. Irin wannan dabara ba a nan ta fara ba. A 1980 ƙasar Sin ta zaɓi garuruwa huɗu don irin wannan ciniki, ɗaya daga cikinsu shi ne Shantou, a bakin teku, gabashin lardin Guangdong. Shantou da maƙwabcinsa Chaozhou su ne ƙasar mutanen da ake kira Tiyociyu. Suna da harshensu, sun kuma shahara da ciniki da iya girki. A 2023 hukumar UNESCO ta sa Chaozhou cikin biranen duniya da suka yi fice a harkar abinci.

In iyali suka shiga gidan abincinsu na gargajiya, ba a ba kowa farantinsa dabam. Akan zaunar da su a babban teburi kewayayye, kaka da iyaye da jikoki, kowa yana ganin fuskar kowa. Abinci a tsakiya ake ajiye shi. A manyan gidajen abinci akwai faifan gilashi mai juyawa a tsakiyar teburin, domin kowane kwano ya iso gaban kowa. Kowa yana da ƙaramar tasar shinkafarsa da tsinkaye biyu na ɗiba. Ba a fara ci sai babba ya fara. Ɗa yakan zaɓi tsoka mai kyau ya sa wa mahaifiyarsa, uba kuma ya cire wa ƙaramin yaro ƙayar kifi.

Abincinsu ba mai yawan yaji ba ne. Sun fi so a ji ɗanɗanon abin da aka dafa. Kifi sabon kamu suke turarawa, kamar yadda muke turara dambu, da citta da tumatir da ganye mai tsami. Suna da wata irin dinya ta gida, ƙatuwa, wadda suke kira mai kan zaki. Ita akan dafa ta a hankali cikin romo mai kayan ƙamshi, a yanka siri-siri, a ci da tafarnuwa da ruwan tsami. Suna da faten shinkafa mai ruwa-ruwa, wanda ƙwayarsa ba ta narkewa, ana haɗa shi da kifi mai gishiri da ƙwai. A ƙarshe akan kawo gwaza da aka daka ta yi laushi, da sukari da mai. Ka ga, ba wani abin mamaki a ciki: kifi ne, da tsuntsu, da shinkafa, da gwaza.

Sa'an nan ga shayi. Shi ake fara kawowa, da shi kuma ake rufewa, mai ƙarfi, cikin 'yan finjalai da ba su fi kurɓi ɗaya ko biyu ba. A al'adarsu finjali uku ake jerawa, ko da mutanen sun fi uku, sai a riƙa bi da bi, ana fara ba babba ko baƙo. Har a harshensu ganyen shayi shinkafar shayi suke ce masa, watau abin da gida ba ya rabuwa da shi. Wanda ya taɓa zama da Buzaye a Maigatari suna dafa shayi a kan gawayi, dahuwa ta fari da ta biyu da ta uku, ya riga ya gane wannan. Irin wannan shayi ba na mai sauri ba ne. An yi shi ne domin a zauna a yi hira.

Me ya sa suke riƙe da wannan zama haka? Gama su mutanen ci-rani ne. Shekaru aru-aru mazansu suna shiga jiragen ruwa zuwa Tailan da Singafo da Kambodiya neman abinci. Bayan da aka buɗe tashar Shantou ga jiragen waje a 1860, tafiyar ta ƙaru. Waɗansu sukan shekara goma ba su ga gida ba, sai wasiƙa da ɗan kuɗi suke aikowa. Mutanen da suka san zafin rabuwa, su suka san darajar ranar da iyali ya cika a wuri ɗaya.

Mu Ma Haka Muke

Ashe ba halin da muke ciki ke nan ba? Da an gama girbi, samarin ƙasar Gumel da yawa sukan nufi Kano ko Legas ko Fatakwal, sai damina ta kawo kai su dawo. Yara suna makarantar kwana. 'Yan mata suna girma, gobe za a kai su gidan wani. Kwanakin da iyali suke cike kaɗan ne, ba mu kuwa lura da wucewarsu.

Ba sai mun je Shantou ba, ba kuma sai da teburi mai juyawa ba. Akushi ɗaya a tsakiyar tabarma, ai gādonmu ne. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa tabarmar, uwargida da 'yan mata su sami wuri. Fita waje kuwa tana da amfani ɗaya da cin gida ba shi da shi: ran nan uwargida ba ta daka, ba ta hura wuta, ba ta wanke-wanke. Ita ma a kawo mata, ta ci da zafinsa.

Ga 'yan shawarwari.

Na ɗaya, ku shirya tun da wuri. Ku sa rana, ko bayan girbi, ko ranar da aka sayar da dabba, ko lokacin da yara suka zo hutu. Kada a ci bashi dominsa. Kuɗin tsiren da maigida yake ci shi kaɗai Alhamis huɗu ya isa ya zaunar da iyalinsa sau ɗaya.

Na biyu, ka tambayi uwargida abin da take marmari. Kada ka ce ai ba za ta so ba. Da rashin tayi akan bar arha. In hayaniyar kasuwa ta yi mata yawa, ku nemi wuri mai sirri a cikin Gumel. In fitar ba ta yiwu ba, sayo balangun ka kawo gida, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ci tare.

Na uku, ku lura da tsabta. Ku zaɓi inda abinci yake a rufe, yana kan wuta, ruwan wanke kwano kuma ana sauya shi. Kowa ya wanke hannu da sabulu.

Na huɗu, in kun je Kano kuna so ku gwada abincin mutanen Sin, akwai gidajensa a can, gama tun shekarun 1960 'yan kasuwa daga Hongkong suka fara kafa masana'antu a birnin. Ku tambayi farashi kafin ku zauna. Ku tambayi kuma abin da aka sa a ciki, domin girkinsu yakan haɗa da naman alade ko kitsensa. Wannan wajibi ne in kuna tare da maƙwabci ko ɗan'uwa Musulmi.

Kada kuma mu manta da masu dafawar. Sa'ad da aka rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe ta Maigatari. Aka sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi, tukunyar mai tuwo ce take fara ji, da ita kuwa take ciyar da 'ya'yanta. In kun ci, ku biya ta da fara'a, ku ce mata sannu da aiki.

Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. Girman maigida ba a bakin tukuba ake ganinsa ba, sai a fuskar waɗanda suka ci tare da shi. Yaro yakan manta rigar da aka saya masa, amma ba ya manta ranar da babansa ya yago tsoka ya miƙa wa mamarsa a gaban idonsa. Haka shi ma zai yi wa tasa matar wata rana.

To, maigida, Alhamis tana zuwa. In an sayar da ragon, da wa za ka ci naman?