Me ya sa marubuci ke bukatar jin ta bakin masu karatu?

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a shekarar 1934, makaɗa kan shiga kwalekwale suna zuga masunta, kuma nan take sukan san ko kiɗansu ya karɓu, domin ga shewar jama'a, ga kyautar da ake miƙa musu.

Shi kuwa marubuci ba ya da irin wannan dandali. Yakan yi watanni yana aiki shi kaɗai, littafinsa ya shiga gidajen da bai taɓa takawa ba, ba tare da ya san an amfana da shi ko an jingine shi ba.

Darasi daga Gwandu

Tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kafa masarautar Gwandu da fadarta ke Birnin Kebbi a yau, ya nuna irin tasirin da masu karatu ke yi a kan mai alƙalami.

Wajen shekarar 1807, ransa ya ɓaci da yadda ya ga son duniya na shiga zukatan wasu mabiya jihadi, sai ya kama hanyar Makka.

Da ya isa Kano, jama'ar birnin suka roƙe shi da ya tsaya ya karantar da su, ya kuma rubuta musu abin da za su riƙe wajen tafiyar da mulki da shari'a.

A nan ne ya rubuta Diya'ul Hukkam, ya yi musu tafsirin Alƙur'ani, daga bisani kuma ya fasa tafiyar ya koma gida.

Haka kuma, bayan ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'wil, wajen 1816, ya sake rubuta wani taƙaitacce mai suna Kifayatu Du'afa'is Sudan, domin ɗaliban da na farkon ya yi wa zurfi.

A wancan zamani, littafi ba ya rayuwa sai an sami wanda ya ga darajarsa har ya zauna ya kwafe shi da hannu. Wanda ba a kwafa ba, gara ko ruwan sama ke gamawa da shi.

Irin wannan riƙo ne ya kai Diya'ut Ta'wil har zuwa 1961, lokacin da aka buga shi a birnin Alƙahira, shekaru fiye da 130 bayan rasuwar mai shi.

Wasiƙu da gasa

Bayan zuwan boko ma abin bai sauya ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda daga baya ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda wasiƙun masu karatu suka sami gurbi na musamman.

A shekarun 1990 kuwa, marubutan Kano da dama sun riƙa sanya adireshinsu a cikin littattafansu, kuma saƙonnin da suke samu kan taimaka musu wajen yanke shawarar fitar da kashi na biyu ko na uku.

Yabo kaɗai ba ya isa

To sai dai yabon baki ba ya biyan kuɗin ɗab'i. A yau ana yaɗa littattafai ta WhatsApp ba da izinin masu su ba, ta yadda marubuci kan yi suna amma aljihunsa ya kasance fayau.

Akwai kuma haɗarin yabon da babu gyara a cikinsa, wanda kan sa marubuci ya yi ta maimaita abin da aka tafa masa.

Abin da Kanawa suka yi wa Malam Abdullahi ya wuce jinjina: sun zauna a gabansa sun yi karatu, sun kuma faɗa masa ainihin littafin da suke bukata.