Tantance Ministoci: Rariya Ce Ko Bikin Gaisuwa?

A zamanin Jamhuriya ta Farko, daga cikin 'yan majalisa Firayim Minista yake zaɓen ministocinsa. Tsarin Mulki na 1979, wanda aka yi wa fasali irin na Amurka, shi ne ya zo da sharaɗin cewa ba wanda zai hau kujerar minista sai Majalisar Dattijai ta amince da shi, kuma lalle kowace jiha ta sami aƙalla mutum guda.

Alhaji Shehu Shagari ne ya fara ɗanɗana wannan sharaɗi. Jam'iyyarsa ta NPN kujeru 36 kacal ta samu daga cikin 95 na Majalisar, saboda haka ba ta da rinjayen da za ta tabbatar da ko da minista ɗaya ita kaɗai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ta ƙulla ƙawance da NPP mai kujeru 16, aka ba NPP wasu ma'aikatu da kuma kujerar Kakakin Majalisar Wakilai. Ƙawancen ya watse a 1981.

Tsarin Mulki na 1999 ya maimaita dokar a sashe na 147, har da cewa in kwana 21 na aiki suka wuce Majalisa ba ta ce uffan ba, to, naɗin ya tabbata. Amma inda gizo ke saƙar shi ne, galibi sunaye kawai ake aika wa dattijai, ba tare da faɗin ma'aikatar da za a ba kowa ba. To, yaya za a auna gwanintar mutum alhali ba a san ko asibitoci zai riƙe ko kuwa rijiyoyin mai ba? A Amurka tare da muƙami ake kai suna, kwamitin da ya san fannin ya yi wa mai shi tambayoyin ƙwaƙwaf. A nan kuwa, tsohon ɗan majalisa sau da yawa ce masa ake yi ya rusuna ya wuce, ba tambaya ko ɗaya. Wannan karamci ne tsakanin abokan aiki, amma talakan da zai sha daɗi ko wuyar mulkin ministan ba a yi shawara da shi ba.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Sau biyu, a Disamba 2016 da Maris 2017, dattijai suka ƙi amincewa da Ibrahim Magu a matsayin shugaban hukumar EFCC, bisa rahoton hukumar tsaro ta farin kaya. Duk da haka gwamnatin Muhammadu Buhari ta bar shi yana riƙon ƙwarya har Yuli 2020, abin da ya nuna cewa ƙin Majalisa ba ya cizo in fadar Shugaban Ƙasa ta toshe kunne. A Agusta 2023 kuma, Majalisa ta tabbatar da mutum 45 daga cikin 48 da Bola Tinubu ya gabatar, ta jingine uku, ciki har da tsohon Gwamnan Kaduna, Malam Nasir El-Rufa'i, da hujjar jiran binciken tsaro. Ba a fito fili aka karanta wa jama'a abin da binciken ya ƙunsa ba.

Gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2023 ya tilasta wa Shugaban Ƙasa miƙa sunaye cikin kwana 60 da rantsar da shi, ganin cewa a 2015 sai watan Nuwamba aka rantsar da ministoci. Gyaran bai taɓa batun haɗa suna da ma'aikata ba.